Kafin ka sa a rushe gidan Baba

Assalamu alaikum. Ƙanena da ya yi tambaya daga Abidjan, ka ce mahaifinku ya rasu ya bar muku gidan ƙasa a tsohon garin Tahoua, Allah ya hore maka, kana so ka rushe shi ka ɗora bila ta siminti irin ta Yamai, amma Inna ta ƙi, ƙannenka kuma sun rabu biyu. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Na karanta amsoshin da aka ba ka, yawancinsu musu ne a kan ƙasa da siminti. Ni gini ne sana'ata, da kwaɓa ƙasa na fara a nan Adar kafin in yi shekaru ina aikin siminti a Yamai, kuma a ganina ba nan gizo ke saƙa ba. Abin da za ka fara dubawa shi ne tsarin gidan: ta ina ake shiga, ina ake zama, wa ke ganin wa.

Ɗauki zaure. Masu zana gida a takarda sukan ce asarar fili ne, ɗaki guda ba gado ba kujera. To amma tuna aikin da yake yi. Baƙo ya yi sallama, ya tsaya a nan, ya sha ruwa, a gama magana, bai ga matan gida ba, su kuma ba su katse daka ko wanka don shi ba. Ƙofar waje da ta ciki ba sa kallon juna, da gangan magina suka karkatar da su, ko an bar gida a buɗe mai wucewa ba ya hango tsakar gida. A zaure ake sulhunta rigimar gona, a nan almajiri ke jiran saura, a nan matafiyin da dare ya yi wa yake kwana ba tare da an tayar da kowa ba. Ban san Babanku ba, amma ina da tabbacin rabin mutuncin da ya samu a unguwa a kan tabarmar zauren nan ya same shi.

A Yamai na gina gidajen da ba su da wannan. Fili mita 300 ko 400, a dasa gini a tsakiya, a zagaye da doguwar katanga, a sa ƙofar ƙarfe, gareji a gaba, falo da manyan kujeru. Ranar tarewa kowa na yabo. Bayan shekara sai ka dawo ka tarar da uwargida tana tuƙa tuwo a wani siririn lungu tsakanin bango da katanga, hayaƙi na cika mata ido, domin kicin ɗin da aka yi mata na tukunyar mutum huɗu ne, ita kuwa ta mutum goma sha biyar take ɗorawa. Maigida ya fitar da benci ƙofar gida tunda ba kowane baƙo ake shigarwa falo ba. Samari sun kafa fada a bakin titi da butar shayinsu. Ranar suna ko zaman makoki sai an kafa tanti an tare hanya, masu mota na ta tsaki. Mutanen ba su sake hali ba, gidan ne ya ƙi karɓar halinsu, sai suka kwashe shi zuwa titi. Ga bazara kuma: watan huɗu da na biyar zafi ya haura digiri 40, kwano da siminti sun sha rana yini guda suna amayar da ita cikin dare, in wuta ta ɗauke ba fanka ba na'urar sanyi, ba kuma tsakar gidan da za a shimfiɗa tabarma a ɗaura gidan sauro.

Kada ka ɗauka ina cikin masu cewa duk abin da aka yi da ƙasa alheri ne. Wasu masu yabon ginin ƙasa ba su taɓa hawa soro da kwanon yaɓe a ka ana gab da damina ba. Ƙasa tana son hidima duk shekara, kuma samarin da ke yin hidimar su ne irinku da ke bida a Abidjan da Libiya. Azara ta yi tsada, giginya ta yi ƙaranci. Ruwan sama ma ya sake hali. Kowa ya ga abin da ambaliyar 2020 ta yi wa unguwannin bakin kogi a Yamai, a daminar 2024 kuma tsohon masallacin Damagaram, wanda ya haura shekara ɗari, ya zube. Tsoronka yana da dalili.

Sai dai mafi yawan gidajen ƙasar da na ga sun faɗi, daga ƙasa ko daga sama aka ci su. Ko dai titi ya ɗaga ya fi gida tudu, ruwa na kwanciya a gindin bango, ko indararo ya toshe ko ya yi gajere yana zuba a jikin gini. Akwai kuma wata ɓarna da ake yi da sunan gyara, wato a shafe bangon ƙasa da siminti. Daga waje sumul. Siminti ba ya kama ƙasa, yakan tsage, ruwa ya shiga bayansa ya rasa hanyar fita, bango ya yi ta jiƙa a ɓoye. Ka ƙwanƙwasa da yatsa, in ka ji yana amsawa kamar ganga, to ya riga ya saki. Ka fi lura da bangon gabas, domin daga can hadari ke zo mana da iska.

Ba sai ka je nesa ba don ganin abin da nake nufi. A Yaama, cikin jiharmu, Alhaji Falke Barmu ya fara ginin masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, aka yi ta ƙara masa hasumiyoyi daga baya, har ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, shi ma cikin jiharmu, da tsohon masallacinsu ya tsufa, ba a rushe shi ba. Masu zanen gine-gine Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun tsara aka gyara shi ya koma ɗakin karatu, aka gina sabo kusa da shi da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, aka kammala a 2018. A Yamai ma akwai gidajen Niamey 2000 da aka gama a 2016 da irin wannan bulon, benaye ne a kan ƙananan filaye, amma an bar wa kowane gida sararin zama a waje. In ka zo gida, ka ɗauki yini guda ka je Dandaji da tsakar rana, ka shiga ciki ka ji da jikinka.

Tun bayan Tahoua Sakola, bikin ranar Jamhuriya da aka yi a Tahoua a 2017, gari ya samu kwalta da sababbin gine-gine, idon mutane ya buɗe, kowa na son nasa ya yi kyau, kuma ban ga laifi a nan ba. Abin da ke ba ni dariya shi ne mai rushe zaure ya yi gareji, sannan ya sa a kafa masa zankwaye na siminti a saman katanga a shafa fenti, wai ya riƙe gargajiya.

Da ni ne kai, ba zan aiko da kuɗi da zane daga Abidjan in ce a fara ba. Zan zo in zauna da Inna, ta zagaya da ni gidan da ƙafarta, ta nuna mini inda inuwa take da hantsi da inda take komawa da la'asar, inda take shanya, inda awaki ke kwana. Ƙin da take yi ba rigimar tsufa ba ce, ta san abin da kowane lungu ke yi mata. Ka tambayi 'yan'uwanka mata su ma, suna da gado a ciki, kuma wadda aure ya ƙare mata a nan za ta sauka da 'ya'yanta. Bila mai ɗaki uku ba ta da wurinta.

Daga nan sai a duba ɗaki ɗaki. Wanda ya ruɓe a sauke shi, a sake shi a mazauninsa, da harsashin dutse, tunda Adar ba ta rasa dutse ba, a ɗaga shi sama da titi. Bulon ƙasa ko na siminti, wannan aljihunka da maginin da ka samu ne za su yanke. In kwano za ka sa, a ɗaga rufin a bar wa iska hanya. Banɗaki na zamani da famfo, ka yi su ba tare da shawarar kowa ba. Zaure da tsakar gida da itacen da ke cikinta kuwa a bar su inda suke, gareji ya nemi wani gefe. Kuma ka bari sai damina ta ɗauke kafin a kira magini ya duba, lokacin ne sawun ruwa ke nan a jikin bango, ya ga ta inda yake shiga.