An Kawo Manhaja a Madadina, An Ce In Ajiye Aiki

Barista, shekarata shida ina aiki a wani asibiti mai zaman kansa a cikin garin Katsina. Likita kan naɗi muryarsa bayan ya duba mara lafiya, ni kuma in saurara in buga bayanin a kwamfuta. Yanzu sun sayo manhajar da ke mayar da magana rubutu, manaja ya ce in rubuto takardar ajiye aiki. Ina mafita?

Malama, don Allah kada ki rubuta takardar nan. Ranar da kika miƙa ta, a idon doka ke kika tafi da ƙafarki, neman haƙƙi kuma sai ya yi wuya.

Gaskiya doka ba ta hana asibiti sayen manhaja ba, ba ta kuma tilasta masa riƙe ki. Amma abin da ya same ki rage ma'aikata ne, kuma Dokar Ƙwadago ta shafe ki tunda aikinki na akawu ne. Sashe na 20 ya ce a sanar da ƙungiya ko wakilin ma'aikata dalilin ragewar, a fara da wanda ya zo daga baya tare da duba ƙwazo, mai aiki kuma ya yi iya ƙoƙarinsa wajen sasantawa kan kuɗin sallama. Sashe na 11 ya ba mai shekara biyar zuwa sama notis na wata guda a rubuce, ko albashin wata a madadinsa. Ɗauko takardar ɗaukarki aiki. In ta ba ki fiye da haka, ita za a bi. In kina da asusun fansho kuma ba ki kai shekara 50 ba, dokar fansho ta 2014 ta yarda ki ciri kashi 25 cikin ɗari bayan wata huɗu ba aiki.

Kafin a kai nan, ni da zan ba ki shawara, ki nemi zama da shugaban asibitin. Manhaja tana tuntuɓe a sunayen magunguna, a Turanci kuma 15 da 50 kusan sautinsu ɗaya ne. In likita ya sako Hausa, ya ce yaron shawara gare shi, sai ta rikice. Dole wani ya bi rubutun layi-layi, kuma kunnenki ya saba da muryoyin likitocin nan. Nemi aikin tacewar, da sabuwar yarjejeniya a rubuce.

Abu ɗaya nake jiye miki: kada ɓacin rai ya sa ki kwafe bayanan marasa lafiya a waya da sunan hujja. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 sun tsare sirrinsu, sai reshe ya juye da mujiya.

In suka ƙi sasanci, ki kai koke ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Katsina. In abin ya ci tura, Kotun Ƙwadago ta Ƙasa (National Industrial Court) ce ke da hurumi. Ki adana takardun albashinki da duk saƙon da manajan ya turo miki.