Yadda ƙarancin guzuri ke sa wasan Dungeons & Dragons ya yi armashi

Tambaya: Malam, ni ne jagoran wasan Dungeons & Dragons da muke yi da abokaina huɗu duk ranar Asabar, wasan nan na kan tebur da jagora ke ba da labari, kowane ɗan wasa ya taka rawar jarumi a cikinsa. Damuwata ita ce babu abin da ke razana su. Da an fara faɗa sai su zazzage duk sihirinsu a kan dodo, su ce za su kwanta, gari na wayewa komai ya dawo. Ina tunanin in turo ɓarayi su kwashe musu kaya. Ya dace?

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye maganar ɓarayi tukuna. Wanda ya shafe makonni yana neman takobi aka raba shi da ita cikin barci, haushinka zai ji, kuma yana da gaskiya.

Matsalarka tana wurin hutun. A bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, dogon hutu awa 8 ne, kuma yana mayar da lafiya da sihiri gaba ɗaya. Littafin jagoran wasa na wannan bugun ya gina lissafinsa a kan cewa ayarin 'yan wasa zai iya karawa da abokan gaba sau 6 zuwa 8 a yini guda. Kai kuwa karawa ɗaya kake ba su, dole su ga abin kamar shan ruwa. Littafin ya kawo wata ƙa'ida ta zaɓi: gajeren hutu ya zama awa 8, dogo kuma kwana 7. Ina matuƙar son ta ga wasan da ake yawan tafiya a daji, domin masihirci zai daɗe yana shawara kafin ya saki sihirinsa na ƙarshe.

Idan ba ka son taɓa ƙa'ida, sa lokaci ya zama mai tsada. Misali, a ce an sace 'yar sarki, za a fita da ita daga ƙasar nan da kwana uku. Wanda ya ce a kwanta ya san abin da barcin zai ci.

Ƙarancin guzuri shi ne asalin wasan tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da shi a 1974. Sabon masihirci sihiri ɗaya tak yake da shi a yini. Zinariyar da aka kwaso ita ke ƙara wa mutum matsayi, amma tana da nauyi, don haka sai an zaɓa tsakanin buhun dukiya da salkar ruwa. Irin wannan zaɓin kake nema. Ƙirgar da ba ta kai mutum ga tsai da shawara ba, gajiyar da mutane kawai take yi.

Shi ya sa ba na tilasta kowa ya ƙirga kibau 20 na cikin kwarinsa ɗaya bayan ɗaya. Wasan The Black Hack yana da dabara mai sauƙi: kowane kaya yana da ɗan lidonsa, a ce mai fuska 8. Bayan an yi amfani da kayan sai a jefa, in ya faɗi a 1 ko 2 a sauka zuwa mai fuska 6, daga nan mai 4, sannan kaya ya ƙare. A wasan Shadowdark kuma agogo ake saitawa a kan tebur, wutar da aka kunna ta mutu bayan awa ɗaya ta zahiri. Za ka ga musu ya ragu, kowa yana satar kallon agogo.

Ka lura da sihirin Goodberry. 'Ya'yan itace 10 yake samarwa, kowane ɗaya ya ƙosar da mutum yini guda, wato ya kashe maganar yunwa ke nan. In yunwa kake so ta yi aiki, ku daidaita a kansa tun farko.

Shawarata ga Asabar mai zuwa: kafin a jefa lido, gaya musu ƙarara cewa akwai sauyi, ka ji ta bakinsu. Sannan ka zaɓi abu ɗaya kawai, ko haske ko hutu, ka gwada shi zama uku kafin ka ƙara wani.