Mai launi ko baƙi-da-fari: abin da idona ya gani

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana son allon karatu mai tawadar lantarki don karanta littattafai da rubuta bayanai, amma ka rasa na ɗauka tsakanin mai launi da baƙi-da-fari. Duka biyun sun zauna a hannuna, baƙi-da-fari shekara uku, mai launi kusan shekara guda.

Abin da ban sani ba sai da na saya shi ne launin nan biyansa ake yi da hasken shafi. Yawancin masu launi na yanzu, irin su Kobo Libra Colour da Boox Note Air 3 C, fasahar Kaleido 3 ta kamfanin E Ink ce a jikinsu. Asalin allon baƙi-da-fari ne, sai aka shimfiɗa masa wata siririyar matata mai ja da kore da shuɗi a sama. Matatar nan tana shanye haske, shi ya sa shafin yake yin duhu-duhu kamar tsohuwar jarida. Ranar da na jera nawa biyun a cikin ɗaki, gaskiya raina ya sosu. Tsohon fari tas, sabon kuwa sai na kunna masa fitila ko da rana, batirin ma bai kai na tsohon daɗewa ba. Baƙin rubutu yana fitowa da ɗigo 300 a kowane inci, mai launi kuwa 150 ne kacal, kuma launukan 4,096 ɗin dishi-dishi suke, kada ka sa ran irin na waya.

reMarkable Paper Pro da ya fito a 2024 hanyarsa daban ce. Gallery 3 yake amfani da ita, ƙwayoyin tawadar ne da kansu masu launi, sai dai shafin yakan ƙyafta kafin launin ya zauna.

Duk da haka ban sayar da mai launin ba, kuma ga dalili. Ina yawan karanta rahotanni masu jadawali da taswira. A baƙi-da-fari jan layi da shuɗin layi duk toka-toka suke komawa, sai in rasa wanne ne wanne. Nan mai launi ya share min hawaye. Haka a rubutu, ja na ware wa tambayoyin da zan koma kansu, kuma ya sauƙaƙa min bita ƙwarai.

Shawarata, buɗe abubuwa goma na ƙarshe da ka karanta. Guda nawa ne ma'anarsu za ta ɓace in aka cire launi? In zallar rubutu ne akasarinsu, ɗauki baƙi-da-fari hankali kwance, idonka zai fi hutawa. Kuma tunda har da rubutu za ka yi, kada ka sauka ƙasa da inci 10. Na inci 7 yana da daɗin riƙewa, amma shafin PDF ba ya wadatuwa a cikinsa, hannu ma a takure yake in ana rubutu.