Wai zoɓo da ruwa kawai

Ka tambaye ni ko za ka iya tura zoɓon da mutumin nan ya kawo kai tsaye cikin LC-MS, na'urarmu ta labo mai rarrabe sinadarai tana auna nauyinsu, tunda an riga an tace shi, kuma ya ce ba komai ciki sai zoɓo da ruwa. Shi ya ce! Ajiye salular nan ka saurare ni, yaro.

Wani alhaji mai zuba zoɓo a kwalba ya taɓa zo mini da wannan maganar. Yana son shiga manyan kantunan Yamai, aka ce sai ya kawo takardar da ke nuna yawan antosiyanin, wato polifenol ɗin da ke ba zoɓo jan launinsa. Ya rantse da Allah busasshen zoɓo ne daga gonarsa ta wajen Madarunfa. Na ce ya bari sai Litinin. Ya laɓe har na tafi masallacin Juma'a, ya dawo da katan guda, ya cusa wa yaron da ke ƙarƙashina jika biyu a aljihu. Yaron ya jera kwalaben gwaji, ya danna, ya kulle ƙofa ya tafi kallon ƙwallo.

Ashe kanwa yake zubawa don ya kashe tsami. Kanwa kuwa tana dusashe jan zoɓo, sai ya maido da launin da jan rini na kanti, ya cika sukari. Tacewar da yake taƙama da ita da ƙyalle ce. Na'ura ta kwana tana shan wannan haɗin. Da na buɗe bakin feshin, inda na'ura ke fesa ruwan samfur, gishiri ya daskare a kansa fari fat, gefensa kuma sukari ya ƙone ya yi baƙi, sai na kankare da hannuna. Gishirin kanwa ba ya tashi da zafi, inda ya sauka nan yake zama. Kolon ɗin C18, bututun da ke rarrabe sinadaran, ya toshe, matsin ya haura, kowane tsini a allon kwamfuta ya rabe biyu. Na wanke shi ta gaba, na wanke ta baya, ko gezau. Kuɗin sabo ya fi albashina na wata, kuma daga Faransa za a yo odarsa. Damina ta shigo ta fita muna jira, ɗalibai na zarya da samfurinsu yana lalacewa a firiji duk lokacin da kuran ya ɗauke.

Da na je masa, cewa ya yi injinmu ne tsoho. Ko dala bai biya ba. Har yau in mun haɗu wurin ɗaurin aure shi ke fara miƙo hannu, yana tambayar ya aiki.

To kai, ka tsoma takardar pH, mai auna tsami, tukuna. Zoɓon gaskiya tsakanin 2 da 3 yake. In ka ga ya haura sosai, an taɓa shi. Ka bi da shi ta ƙaramin katirij na C18, ka wanke sukari da gishiri da ruwa mai ɗan asid, sannan ka sauko da launin da metanol mai asid fomik. In ka tura shi cikin na'ura, mintunan farko ka karkatar da ruwan zuwa kwalbar shara. Batun matata da gwajin ruwa zalla ba zan ɓata yawuna ba, wanda bai san su ba ya koma share labo.

Ka sa na'ura a ɓangaren caji mai ƙari, don antosiyanin cikin asid da cajinsa yake tafe. Zoɓo zai ba ka lambobin nauyi 597 da 581, su ne delfinidin da siyanidin, kowanne goye da sukarinsa sambubiyos. In ka fasa su, 303 da 287 za su rage. A nan 'yan zamani ke faɗawa rami: su ga lamba, su liƙa ta a intanet, su kwafo sunan da ya fara fitowa. Kwasetin ma, wani polifenol daban, 303 yake bayarwa. Na'ura nauyi take aunawa, sunan kai za ka nemo shi, don haka ka duba ko tsinin yana shan haske a nanomita 520, in ba ya sha, to ba launin zoɓo ba ne. Haka in majema suka kawo bagaruwa, sai ka juya zuwa caji mai ragi, asid galik ya fito a 169, amma 301 na iya zama asid elajik, na iya zama kwasetin, sai ka fasa ka ga gutsattsarin.

Masu auna giyar inabi a Turai ma da haka suke kama maha'inta. Inabinsu na asali 493 yake nunawa, wato malbidin, launin inabi, mai sukari ɗaya. In 655 ya bayyana da yawa, mai sukari biyu ke nan, sun san an shigo da inabi mai jinin na Amurka.

Je ka ɗauko mini kwalbar in shinshina. Kuma ka gaya wa mai ita rabin kuɗi yau, busasshen zoɓon kuma ya kawo mu jiƙa da kanmu.