Antibodin ɗan Adam zai gane kitsen saniya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Ngaundare ta Kamaru, ina digiri na biyu a kan kitsen shanun Gudali. Malamina ya ce in auna furotin FABP4 a cikin nama. Antibodin da na gani a intanet an rubuta cewa na ɗan Adam ne da ɓera, ba a ambaci saniya ba, kuɗinsa kuwa ya kusa cinye duk sefar da aka ba ni. In saya ko in haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki saya tukuna, amma kada ki haƙura.

Bari in ɗan yi wa sauran masu karatu shimfiɗa. Kitse ba ya shiri da ruwa, cikin ƙwayar halitta kuwa ruwa ne. Don haka akwai wasu ƙananan furotin masu aikin dako, su rungumi sinadarin kitse su kai shi inda ake bukata. Su ne FABP. Ockner da abokan aikinsa ne suka fara bayyana su a 1972. Dangi ne guda: FABP1 a hanta, FABP2 a hanji, FABP3 a zuciya da tsoka, FABP4 a kitse, FABP7 a ƙwaƙwalwa. Antibodi kuma tamkar karen farauta ne da aka shinshina wa wari ɗaya, ya shiga cikin dubban furotin ya cafko nasa.

To, batun saniya. Rashin sunanta a jikin takarda ba ya nufin antibodin ba zai yi ba. Sau da yawa kamfanin ne bai gwada ba. FABP4 na mutum da na saniya sun yi kama ƙwarai. Ki nemi takardar bayanin antibodin, ki duba wane yanki na furotin aka yi wa zomo ko ɓera allura da shi don jikinsa ya samar da antibodin. Ki kwafi jerin sinadaran amino asid na yankin, ki shiga UniProt, rumbun bayanan furotin a intanet, ki jera shi da na saniya. Kyauta ne, datar waya kawai zai ci miki. In jerin ya yi daidai ko ya kusa, akwai fata. In kamfanin ya ɓoye jerin, ki tura musu saƙo; wanda ya ƙi amsawa, ni ba na ba shi kuɗina.

Amma ba saniyar ce ke hana ni barci ba, 'yan uwan FABP4 ne. Dukansu nauyinsu kusan ɗaya ne, kilodalton 14 zuwa 15 a ma'aunin furotin. A gwajin westan bulot, inda ake tace furotin a cikin jel gwargwadon nauyinsu, antibodi ya nuna nasa a matsayin layi, layin FABP3 da na FABP4 kusan wuri ɗaya suke fitowa. Ke kuma nama za ki auna, tsoka cike take da FABP3. Sai ki ga layi baƙi ƙirin, ki yi ta murna, alhali ɗan uwansa aka kamo miki. Biri ya yi kama da mutum. Shi ya sa a aikinki na fi karkata ga monokulonal, irin wanda Köhler da Milstein suka ƙirƙiro hanyar yinsa a 1975, don wuri ɗaya tak yake kamawa. Sai dai in wurin nan ne ya bambanta a saniya, ba za ki ga komai ba. Polikulonal, mai kama wurare da yawa a jikin furotin, ya fi yafiya wajen tsallaka jinsi, ya kuma fi saurin kama abin da ba a aike shi ba.

Ga abin da zan yi in ni ne ke. In yi sammako zuwa mayanka da kula cike da ƙanƙara, in roƙi mahauta kitsen ciki, da hanta, da jan nama marar kitse, duk daga saniya ɗaya. Kitse ya ba da layi mai kauri, hanta ta ba da ɗan dishi-dishi ko babu. In jan naman nan ya yi gogayya da kitse, to akwai lauje cikin naɗi. Ki sayi ƙaramar kwalba ki yi wannan gwajin kafin ki taɓa samfuranki na gaske. Furotin ɗin ƙarami ne, ki yi jel mai kashi 15 cikin ɗari, da takardar da ake ɗaukar furotin daga jel a kanta, mai ƙofofi mikiromita 0.2, in ba haka ba ya zarce ta ciki ya bar ki da farar takarda.

Sai zafi. Wata shekara a nan Garwa, cikin watan Afrilu, wuta ta ɗauke mana tun daren Juma'a. Ranar Litinin na buɗe firiza na tarar ruwa na ɗiga, kwalbar antibodin da na jira wata biyu ta kwana uku a cikin ɗumi. Ban ƙara samun layi mai kyau da ita ba. Tun daga nan, da kaya sun iso nake rarraba su cikin ƙananan bututu, mikirolita goma-goma, a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, sai dai in takardar antibodin ta ce firji kawai. Bututun da aka narkar ba ya komawa firiza. Rabi kuma ina kai wa wani abokin aiki mai firizar sola, in rubuta sunana da lambar kwalbar a jikin kowanne.