'Yar tsana mai karatun Fatiha da gemun auduga

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ƙanin maigidana ya dawo daga aikin Hajji da tsarabar yara: 'yar kyamarar roba da ake leƙa Ka'aba a ciki, da 'yar tsana mai hijabi wadda in an danna cikinta sai ta karanto Fatiha. Yanzu batirin ya yi sanyi, muryar tana ja, yara suna ta sheƙa dariya. Ga babban ɗana ya nace bana sai ya fito a malam a tashe, da gemun auduga da allo. Uwar mijina ta ce duk wasa da addini ne. Yaya zan yi? Daga wata uwa a Ƙaura Namoda, Jihar Zamfara.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana zuri'a.

Ita kanta 'yar tsanar ba ta da laifi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Annabi (SAW). A ruwayar Abu Dawud kuwa, ya ga doki mai fukafukai a cikin kayan wasanta, ya tambaye ta, ta ce ashe bai ji Annabi Sulaiman yana da dawakai masu fukafukai ba? Ya yi dariya har sai da ta ga turamensa. Matan sahabbai ma sukan yi wa yara abin wasa da ulu ranar Ashura, su lallashe su da shi har a sha ruwa.

Amma Inna, uwar mijinki, tana da gaskiya a kan muryar nan mai ja. Abin da ke fitowa Fatiha ce, kuma aya ta 65 da ta 66 a Suratut Tauba sun yi kakkausan kashedi kan izgili da ayoyin Allah. Yara ba su da nufin haka, sabon da za su yi nake tsoro. Ki canja batirin yau, ko ki cire shi gaba ɗaya. Na taɓa tsintar irin wannan 'yar tsanar, mallakar jikata, a bakin kwata, kanta cikin ruwan wanke-wanke, tana ta karatu. Raina ya ɓaci ƙwarai, tun ranar na cire na'urar na bar mata tsanarta.

Batun tashe kuwa, a Gusau na tashi. Azumi na yin kwana 10 yara ke shigowa zaurenmu da gemun auduga da gafaka, ana ce wa ɗayansu malam ya yi rawa, shi ko yana musu. Mahaifina malami ne, ya kan yi dariya har rawaninsa ya karkace, sannan ya sa a ɗebo musu gero. Halin ɗan Adam suke tsokana, ba su taɓa karatu ba.

Ki bar yaro ya fita, amma allon ya zama wankakke, babu aya ko ɗaya a jikinsa, kada kuma ya kwaikwayi kiran salla ko ƙira'a don a yi dariya. Yadda gari yake yanzu, su tsaya cikin unguwa, da babba a tare da su. Kafin ya fita ki kai wa Inna allon ta duba da idonta.