Rana biyu a sama ɗaya

Ɗana, na ga hoton zanen da ka turo, na kuma karanta saƙonka. Ka ce: "Maigida, na zauna bakin kogin Gaji a Yankari tun hantsi har la'asar ina zana wuri ɗaya, amma da na dawo masauki sai na ga abin ya dame kamar kunun kanwa. Ina na kuskure? Ko in riƙa ɗaukar hoto da waya in dawo shago in zana a natse?"

Ai ka ba kanka amsa da bakinka: tun hantsi har la'asar. Ɗauko zanen ka dubi itacen da ke hagu. Inuwarsa ta kwanta yamma, domin da safe ka yi shi. To dubi dutsen da ke dama, tasa inuwar gabas ta nufa. Rana biyu ke nan ka sa a sama ɗaya. Duk awa guda rana tana gusawa digiri 15, kai kuwa duk inda haske ya koma sai ka bi shi da buroshi, ka ɗora sabon fenti kan ɗanye. Launi uku ko huɗu suka haɗu, me za ka samu in ba laka ba?

A daji awa biyu gare ka, ba ƙari. Shi ya sa nake hana ku ɗaukar babban allo. Wancan da ka kinkima ya kai rabin ƙofa, ko ni ba zan cika shi kafin haske ya juya ba. Je wajen kafinta ya yanka maka filawud kamar faɗin littafin makaranta, guda shida, ka shafe su da farin fenti sau biyu tun a gida. In ka zauna, kada ka fara da ganye. Ɗan runtse idonka har komai ya zama dishi-dishi, za ka ga dajin ya rabu gida uku ko huɗu: sama, tuddan nesa, duhun itatuwa, sai ƙasan da ke gabanka. A minti goma na farko ka shimfiɗa inuwoyi da fenti mai ruwa-ruwa. Daga nan ka ƙulla alkawari da su. Ko rana ta gusa, inuwar da ka sa da ƙarfe bakwai ita ce taka. In hasken ƙarfe goma ya burge ka, ajiye wannan allo ka ɗauko wani. Haka Claude Monet, mai zanen nan na Faransa, ya yi a 1890 da 1891 lokacin da yake zana tarin hatsi a gonakin kusa da gidansa: abu ɗaya ne a gabansa, amma haske na sauyawa sai ya sauya allo.

Akwai kuma maganar kore. Itatuwan da ke hayin kogi can nesa ka ba su kore iri ɗaya da na kusa da ƙafarka, shi ya sa zanen ba shi da zurfi. Abu in ya yi nisa, duhunsa raguwa yake yi, domin akwai iska da ƙura tsakaninka da shi. Da damina tuddan nesa sukan yi shuɗi-shuɗi. Da hunturu kuwa, in hazo ya sauka, sai su koma fari-fari mai ratsin ruwan ƙasa, wani lokaci ma su ɓace gaba ɗaya. Kuma koren da ke fitowa daga kwalba ba na daji ba ne, na fentin ƙofar shago ne. Karya shi da ɗan ja ko ruwan ƙasa. Ka ma sake dubawa da kyau: a watan Janairu, in ka bar bakin kogi, ina koren yake? Ciyawa ta zama ruwan zuma, wani wurin gobara ta bar baƙin toka.

Waya ban hana ka ba. Ɗauki hoto don ka tuna yadda reshe ya karkata. Amma waya ko dai ta mayar da inuwa baƙi ƙirin, ko ta wanke sama ta zama fari fat, ko ta ƙara wa launi gishirin da babu shi. Idonka ne kaɗai zai ga cewa a ƙarƙashin itacen kawo akwai shuɗi, akwai jan ƙasa da ke haskowa sama. Wanda ya saba kwafar waya, daga nesa nake gane aikinsa.

Fentin akirilik da ka tafi da shi, wato wanda ake sirkawa da ruwa, a iskar hunturu kan buroshi yake bushewa. Nemi 'yar kwalbar fesa ruwa irin ta masu aski ka riƙa fesa wa farantin da kake haɗa launi a kai. Ni dai na fi son fentin mai a daji, duk da ƙura da ƙwari suna manne masa. In ƙwaro ya faɗa, kada ka taɓa, bari ya bushe ka ɗauke shi da reza. Wajen dawowa, yanka tsohon silifas ƙanana guda huɗu, sa ɗaya a kowace kusurwa, kifa allo ɗaya kan ɗaya fuska da fuska, ɗaure da roba. Kananzir ɗin wanke buroshi kuma ka dawo da shi a kwalba, dabbobi ne ke shan ruwan nan.

Kada ka sa shuɗin kaya ko baƙi, ƙudan tsando su yake bi. Sa ruwan ƙasa mai dogon hannu. Kada ka taka ko'ina ba tare da ma'aikacin gandun ba, giwa da ɓauna ba su san mai zane ba. Birai kuma ka san halinsu a Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumin nan ta Yankari. Ni da kaina na taɓa juya baya ina haɗa launi, wani ƙaton biri ya sure jakata da burodi da fentin rawaya guda ɗaya tal da nake da shi. Ranar da ja da fari na ƙarasa ciyawa.

Na san kuma mahaifinka yana ɗari-ɗari da sana'ar nan. Faɗa masa hadisin da Ibn Abbas ya ce wa mai yin hotuna, in ba makawa sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Aikin da kake yi ke nan.

Kafin ka sake kashe kuɗin mota zuwa Bauchi, ranar Asabar bayan sallar asuba ka tafi gindin dutsen Kufena na Zariya da allo uku. Ɗaya ƙarfe bakwai, ɗaya ƙarfe goma, ɗaya bayan la'asar, duk daga wuri ɗaya. Rubuta lokacin a bayan kowanne, ka kawo mini su shago ranar Litinin.